Yadda Za Ka Zaɓi Allon Hawan Igiyar Ruwa Mai Shan Kwana da Kyau

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa gare ni, kusan da kalmomi iri ɗaya: "Na iya miƙewa a kan allo, ina bin igiyar ruwa har ta mutu, amma da na nemi juyawa sai allon ya ƙi. Wanne zan saya?" Yawancin masu tambayar sun riga sun yanke wa allonsu hukunci cewa tsawo ne ya yi masa yawa, jira kawai suke in ce su sayi gajere. Abin yana damuna ƙwarai, domin na sha ganin mutum ya sauka daga allon da ke ɗaukarsa ya koma wanda ba ya ɗaukarsa, ya wuni zaune cikin ruwa igiyoyi suna wuce shi, har wasan ya fita daga ransa.

Allo yana shan kwana ne idan abu biyu suka haɗu: akwai gudu, kuma lanƙwasar jikinsa ta shiga lanƙwasar igiyar ruwan daidai wa daida. Tsawo ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke kawo haka. Ka bi matakan nan a jere, domin kowanne yana rage maka zaɓi kafin ka kai na gabansa.

Abin da za ka tanada: ma'aunin nauyi, tef ɗin awo mai inci, dogon katako ko ƙarfe miƙaƙƙe sambal, gajeriyar rula, ɗan makullin kwance fikafikai, waya mai ɗaukar bidiyo da wanda zai riƙe maka ita, sai takardar rubutu. Sassan allon kuma ga yadda zan kira su: hanci shi ne gaba, wutsiya ita ce baya, baki shi ne gefen dama da na hagu, ciki shi ne ɓangaren da ke kwance a kan ruwa, fikafikai kuma su ne 'yan faifan da ke kafe a ƙarƙashin wutsiya. A wannan sana'a da ƙafa da inci ake awo ko'ina a duniya, jikin allo kuma da lita.

1. Gano ko laifin allo ne

Ka sa a ɗauke ka bidiyo daga bakin gaɓa, hawa goma aƙalla, a kan allon da kake da shi yanzu. Ka zauna ka duba abu uku. Ina ƙafarka ta baya take? In tana gaba da fikafikai da taƙi guda ko fiye, babu allon da zai juya maka, domin daga kan fikafikan ake murɗa shi. Ina idonka yake? Mai kallon hancin allonsa miƙewa yake yi, wanda ya juya kai da kafaɗa zuwa inda yake son zuwa shi allo ke bi. Na uku, da gudu ka shiga kwanar, ko sai da allon ya lafa sannan ka nemi karya shi?

In ɗaya daga cikin ukun nan ya kama ka, ka riƙe kuɗinka tukuna, ka yi wata guda kana gyara. In kuwa ƙafa tana wurinta, ido yana wurinsa, to ka rubuta ainihin abin da allon yake yi maka, da kalmomi ƙwarara. Yana miƙewa ne kamar an ɗora shi a kan dogo? Bakinsa yana ƙin nutsewa idan ka danna? Yana nutsewa fiye da kima har ya tsaya cak a tsakiyar kwana? Wutsiya tana sulɓewa ta zubar da kai? Hanci yana kafewa idan ka sauko daga sama? Kowace cuta a nan da maganinta daban, wasu ma maganinsu kishiyar juna ne. Wannan 'yar takardar ita za ka riƙa komawa gare ta har ƙarshe.

2. Dubi igiyar da kake hawa kullum

Ka rubuta yadda ruwa yake a yawancin ranakun da kake shiga: tsayinsa a jikinka (gwiwa, ƙugu, ƙirji, kai), da siffar fuskarsa. Akwai igiya mai kwanciya, wadda take gangarowa a hankali ba ƙarfi. Akwai mai tsayuwa, wadda take miƙewa kamar bango ta lanƙwaso leɓenta. Ta farko ba ta ba ka gudu, sai allon ya nemo maka shi. Ta biyu gudu ne har ya yi yawa, aikin allon ya riƙe ka.

Gargaɗi: kada ka sayi allo don ranar da ruwa ya fi kyau a shekara. Allunan da ake gani a ƙarƙashin gwanaye a Pipeline ta Hawai ko Hossegor ta Faransa an sassaƙa su ne don igiya mai ƙarfin gaske. Ka kai irinsu ruwa mai tsayin ƙugu, za ka ji kamar kana jan buhu.

3. Ƙididdige litar da ta dace da nauyinka

Lita ita ce yawan jikin allo, kuma kowace lita tana ɗaukar kusan kilo 1 a kan ruwa. Allunan zamani ana rubuta awonsu a ciki, kusa da wutsiya, misali 6'0" x 19 1/4" x 2 7/16", 30L: tsawo, faɗi, kauri, sannan lita.

Ka hau ma'auni, ka ninka nauyinka da lambar da ta dace da matsayinka. Sabon shiga yana son lita kusan daidai da nauyinsa. Wanda ya fara bin fuskar igiya yana koyon kwana, ya ninka da 0.5 zuwa 0.6. Wanda ya ƙware, 0.35 zuwa 0.4. Wato mai kilo 70 zai fara da lita wajen 70, ya sauko zuwa 35 ko 42 idan ƙafarsa ta zauna, ba zai kai 25 ko 28 ba sai ya yi nisa sosai. Waɗannan lambobi jagora ne kawai. In sau ɗaya kake shiga ruwa a mako, ko shekaru sun fara ja, ko kana sa rigar roba mai kauri saboda sanyi, ko igiyarka maras ƙarfi ce, ka ƙara lita biyu zuwa huɗu ba tare da jin kunya ba.

Dalilin da ya sa lita take shafar kwana shi ne, idan ta yi yawa allon yana zama a saman ruwa kamar ƙwarya, ka danna baki ya turo ka. Idan ta yi kaɗan, ba ka kama igiya da wuri, kana miƙewa a makare, ba gudu, kuma wanda ba shi da gudu ba shi da kwana. A cikin kurakuran biyu, na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba, domin mai lita da yawa yana samun hawa ashirin a rana ya koyi wani abu, mai lita kaɗan yana samun uku.

Gargaɗi: ka sauko a hankali. Daga lallausan allon soso na 'yan koyo mai ƙafa 8 ba a tsallakawa zuwa mai ƙafa 5 da inci 10. Ka bi ta matsakaici mai ƙafa 7 ko kusa da haka, ka daɗe a kansa har ya fara yi maka nauyi a kwana. Sannan alluna biyu masu lita ɗaya suna iya bambanta kamar dare da rana, ya danganta da inda aka tara soson da ke cikin allon: a inda ƙirjinka ke kwanciya, a baki ko a wutsiya. Lita tana buɗe maka ƙofa ne kurum, sauran matakan su ne zaɓin.

4. Tsawo da zanen gefe

Gajeren allo yana da sauƙin lilo, gaskiya ne, domin hancin da za ka jawo ya ragu. Amma ka jingine allon da bango, ka ja da baya ka kalli layin da gefensa ya zana daga hanci zuwa wutsiya. Wanda gefensa ya yi zagaye kamar ƙwai yana shan matsattsiyar kwana. Wanda gefensa biyu suka miƙe kusan a jere yana da gudu, kwanarsa kuma mai faɗi ce.

Sai ka nemo inda ya fi faɗi da tef. In wurin yana gaba da tsakiya, allon yana da daɗin tuƙi da hannu kana kwance a kansa, yana son mai danna ƙafar gaba, yana zana dogon baka a kan ruwa. In yana tsakiya ko ɗan baya, yana juyawa a ƙarƙashin ƙafar baya cikin hanzari. Wasu alluna suna da ɗan ƙugu a daidai fikafikan gaba, inda layin ya karye ya tsuke zuwa wutsiya. Wannan karyewar wuri ce da allon yake murɗawa a kai, kuma tana taimakon allo mai faɗi ƙwarai.

Faɗi ma da ruwansa. Allo mai inci 21 ko 22 yana da natsuwa da gudu a ƙaramar igiya, amma sauya shi daga baki zuwa baki yana ɗaukar lokaci, musamman ga mai ƙananan ƙafafu. Mai inci 19 yana amsawa nan take, shi ma kuskure nan take yake nunawa.

5. Gantsara: a nan za ka fi daɗewa

Ka kwantar da allo a ƙasa ka dube shi ta gefe. Za ka ga ya gantsare, hanci ya ɗaga, wutsiya ma ta ɗan ɗaga. Masu sana'ar suna ce wa wannan roka. A ganina babu abin da ya kai shi tasiri a kan kwana, kuma shi ne abin da mai saye ya fi mantawa, domin ba kasafai ake rubuta shi a jikin allo ba.

Ga yadda ake auna shi. Ka cire fikafikai, ka kifa allon cikinsa yana sama. Ka nemo tsakiyar tsawonsa ka sa alama. Ka ɗora dogon katakon nan a kan layin tsakiya, ya taɓa allon a daidai alamar, ya zauna ba karkata. Sai ka auna tazarar da ke tsakanin katakon da ƙarshen hanci, ka auna ta wutsiya. A gajeren allo na gwanaye, hanci yakan kai inci 5 ko kusa da haka, wutsiya kuma inci 2 zuwa 2 da rabi. Allunan ƙaramar igiya suna ƙasa da haka. Ka fara auna naka, domin ka san daga inda za ka ƙara ko ka rage.

Gantsarar wutsiya ita ce ta kwana. Idan ka danna ƙafar baya, allon yana bin wannan lanƙwasa ne, saboda haka mai yawan gantsara yana zana ƙaramin da'ira, mai kwantacciyar wutsiya yana zana babba. Kuɗin da ake biya shi ne gudu: allo mai gantsara yana tura ruwa, da igiya ta kwanta sai ya mutu a ƙarƙashinka, sai ka yi ta bubbuga shi don ya ci gaba. Gantsarar hanci kuwa aikinta hana kafewa lokacin da kake faɗowa daga igiya mai tsayuwa, ko lokacin da kake dawowa daga kwanar sama, wato wadda ake yi a can saman igiyar. Idan ta yi yawa, tuƙi da hannu ya zama wahala.

Yanzu ka haɗa da abin da ka rubuta a mataki na 2. Igiya mai tsayuwa da lanƙwasa tana son allo mai gantsara, domin jikinsa ya shige cikin kwarminta. Igiya mai kwanciya tana son allo mai kwantaccen ciki. Ka sa kwantaccen allo a igiya mai tsayuwa, hanci ko bakin gaba zai riƙa cafkar ruwa. Ka sa mai gantsara a kwantacciyar igiya, ba za ka taɓa samun gudun da za ka yi kwanar da shi ba, alhali don kwanar ka saye shi.

Akwai kuma yadda aka shimfiɗa lanƙwasar. Wani allon baka ɗaya ne tun daga hanci har wutsiya, ba inda ya miƙe. Wannan yana shan kwana sumul, yana son zama kusa da inda igiya take karyewa. Wani kuma tsakiyarsa a miƙe take, lanƙwasar tana can gaba da can baya. Wannan yana da gudu idan ka tsaya a tsakiya, yana juyawa idan ka koma wutsiya. Ga mai koyon kwana a ruwa matsakaici, na fi son na biyun: hanci mai sauƙin gantsara don kama igiya da wuri, tsakiya a miƙe, da ɗan ɗagawa a ƙarshen wutsiya.

Gargaɗi: rubu'in inci a gantsarar wutsiya ba ƙaramin abu ba ne, ƙafa tana jin sa. In za ka sa a sassaƙa maka, kada ka ce a ƙara inci guda don kana son kwana.

6. Shafa baki da hannu

Wannan ba aikin tef ba ne, na tafin hannu ne. Ka kama bakin allon a tsakiya kamar za ka ɗauke shi. In ya cika maka hannu, mai kauri ne: yana yafiya, ba ya nutsewa da sauƙi, yana riƙe gudu a igiya maras ƙarfi, amma mutum maras nauyi zai sha wuya kafin ya binne shi a ruwa. In siriri ne, yana yanka ruwa da ɗan dannawa kaɗan, yana riƙe fuskar igiya mai tsayuwa, amma a ruwa maras ƙarfi yana nutsewa ya tsaya. Wanda ya rubuta "bakinsa yana ƙin nutsewa" a mataki na 1, ga cutarsa nan. Wanda ya rubuta "yana tsayawa a tsakiyar kwana", ya nemi baki mai ɗan cika.

Sai ka ja yatsa daga hanci zuwa wutsiya ta ƙasan bakin. A gaba ya kamata ka ji shi a mulmule, domin ruwa yana naɗe mulmulallen baki ya riƙe shi, ba ya cafka. Kafin ka kai fikafikai sai ka ji kaifi ya fara fitowa, har ya zama kusurwa sosai a wutsiya. Wannan kaifin shi ke sakin ruwa, shi ke ba allo gudun fita daga kwana. Allon da kaifinsa ya faro tun daga can gaba yana da gudu amma ba ya yafe kuskure.

7. Wutsiya: faɗi kafin siffa

Mutane suna ta gardama a kan siffar ƙarshen wutsiya, alhali faɗinta ya fi muhimmanci. Ka auna inci 12 daga ƙarshe, ka auna faɗin a wurin. Wajen inci 14 shi ne na gajeren allo na yau da kullum. Inci 16 ko fiye na ƙaramar igiya ne: yana ɗaga ka, yana ba ka gudu, amma idan ruwa ya yi ƙarfi sai ya riƙa tsalle yana sulɓewa. Ƙasa da 14 na babbar igiya ne, inda riƙo ya fi komai.

Siffa kuma ga yadda take. Mai yankakken ƙarshe da mulmulallun kusurwoyi, wadda ake kira sikwash, ita ce ta kowa da kowa: tana da faɗin ɗaukar gudu, kusurwarta kuma tana ba da kwana mai kaifi. Zagayayya tana sa kwana ta zama baka ɗaya ba tsinkewa, tana da daɗi a igiya mai tsafta da ɗan girma. Mai tsini tana riƙe ruwa gam, ba a yi ta don ƙaramar igiya ba. Mai tsini biyu irin ta wutsiyar kifi dabara ce ta samun faɗi ba tare da rasa riƙo ba, domin duk gefen da ka kwanta akwai tsini guda da ke cikin ruwa. Steve Lis ya fito da allon kifi a San Diyego a 1967, har yau kuma yana cikin mafi gudu a ƙaramin ruwa, sai dai mai faɗin wutsiya sosai kwanarsa doguwa ce, ba ya son hawa tsaye zuwa leɓen igiya. In ba ka da tabbas, ɗauki sikwash.

8. Ciki

Ka gitta rula a kan cikin allon ka leƙa ƙarƙashinta. In haske ya fito a tsakiya, kwarmi ɗaya ne: yana ɗaga allo, yana ƙara gudu, amma in ya yi zurfi yana sa shi manne wa layi ɗaya. Kwarmi biyu a tsakanin fikafikai yana sassauta wannan mannewar. In kuwa rular tana lilo a kan tudu a tsakiya kamar ƙirjin kwale-kwale, wannan tudun yana sauƙaƙa mirginawa daga baki zuwa baki, kuma allo mai faɗi yana bukatarsa a wutsiya. Yawancin gajerun alluna kwarmi ɗaya ne a gaba da ya rabu biyu a baya. Kada ka ɓata dare a kan wannan mataki.

9. Fikafikai

Wanda ba shi da halin sabon allo yanzu, ya tsaya a nan da kyau, domin kuɗin fikafikai kaɗan ne a kan na allo, kuma sau da yawa su kaɗai suke warware matsalar.

Fiffike uku shi ne tsarin da Simon Anderson na Ostareliya ya ƙera a 1980 ya sa masa suna Thruster, ya kuma ci gasar hawan igiya ta gaɓar Bells a ƙasarsu da shi a 1981. Na tsakiya yana ɗan rage gudu, amma yana ba ƙafar baya wurin dogara, shi ya sa ya fi kowane tsari sauƙin sarrafawa a kwanar ƙasan igiya da ta samanta. Mai koyon kwana ya fara da shi. Fiffike biyu yana da gudu da saki, wutsiya tana yawo, sai ka iya kwantar da baki kafin ka more shi. Mark Richards ya ci kambun duniya sau huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982 a zamanin da ya yi suna da irin wannan allo, saboda haka ba a ce ba ya shan kwana ba, ƙafa ce yake nema. Fiffike huɗu yana da gudu da riƙo, kwanarsa tana ɗan faɗaɗa. Fiffike ɗaya na dogon baka ne cikin natsuwa. Allo mai ramuka biyar yana ba ka damar gwada uku yau, huɗu gobe.

Girma yana bin nauyi. A jadawalin kamfanin FCS, ƙanana na mai kilo 55 zuwa 70 ne, matsakaita 65 zuwa 80, manya 75 zuwa 90. In kana tsakanin biyu kuma allon yana yi maka tauri, sauka ƙasa. In wutsiya tana sulɓewa, hau sama. Siffa ma tana magana: fiffiken da ya kwanta baya sosai yana jan doguwar kwana, wanda ya tsaya a miƙe yana murɗawa a wuri ɗaya. Mai faɗin gindi yana tura ka gaba idan ka danna, mai zurfi yana riƙo.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka bar na gefe biyu yadda suke, ka sa ƙarami a tsakiya. Za ka ji wutsiya ta saki nan da nan. A allo mai fiffike ɗaya cikin dogon rami, ka matsar da shi gaba rabin inci don ya saki, ko baya don ya riƙe, ka sa alama da fensir a inda ka faro.

Gargaɗi: fikafikan kamfanin Futures ba sa shiga ramin FCS, na FCS ma ba sa shiga na Futures, ka duba ramin allonka kafin ka biya. Fikafikan gefe kuma akwai na dama da na hagu: shafaffen ɓangaren yana kallon tsakiyar allo. Kada ka ɗaure sukurori da ƙarfin tsiya, ramin roba ne, yana lalacewa.

10. Gwada, sannan ka biya

Yanzu kana da lita, kimanin tsawo, gantsara, baki, wutsiya da tsarin fikafikai a rubuce. Ka nemi aro ko haya na allo mai kama da haka, ka shiga ruwa da shi sau uku aƙalla, a ranaku daban. Ranar farko jiki yana neman tsohon allo ne, ba a yanke hukunci da ita. Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda. In ka sauya allo da fikafikai a rana ɗaya, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Ta fuskar kuɗi, hanyoyi uku ne. Na hannu ya fi araha, kuma shi nake ba mai sauka daga mataki zuwa mataki shawara, tunda watakila shekara guda zai yi da shi ya wuce. Sabo na kanti ya fi tsada, darajarsa kuma tana faɗuwa da zarar ya taɓa ruwa. Na uku shi ne ka je wurin masassaƙi ya yi maka naka, ka jira makonni. A lissafinka ka sa fikafikai, tunda sau da yawa ba sa zuwa da sabon allo, da igiyar ƙafa, wadda ke haɗa ƙafarka da allo, mai tsawo kusan daidai da allon, da matakin roba na wutsiya, da jaka. Matakin robar nan ka manna shi can baya, dab da inda ake ɗaura igiyar ƙafa, domin tudunsa shi zai riƙa gaya wa ƙafarka cewa ta iso kan fikafikai ba sai ka duba ba.

In na hannu ne, ka kankare kakin hana santsi da ke kansa ko ka sa a kankare, domin yana ɓoye aibi. Ka bi jikinsa da babban yatsa kana dannawa: wurin da ya yi taushi ko ya kumbura, fatar da ta lulluɓe allon ta rabu da soso. Ka nemi layin tsagewa da ya gitta allon daga baki zuwa baki, alamar ya taɓa lanƙwashewa ke nan, irin wannan karyewa yake jira. Ka girgiza kowane fiffike ka ga ko raminsa yana motsi. Ka ɗaga shi, in ya yi nauyin da bai dace da girmansa ba, ya sha ruwa. 'Yan loɓawar da dunduniya ta yi a sama ba komai ba ne.

Ka tambayi irin soson da ke ciki, ko wanda ake kira PU ne ko wanda ake kira EPS. Mai PU yana ɗan nutsewa cikin ruwa, yana da natsuwa idan iska ta dama fuskar teku. Mai EPS ya fi sauƙin nauyi da tasowa, yana da zafin nama a ƙaramar igiya. Gargaɗi a nan babba ne: allon EPS da rezin (ruwan danƙon gyara) na ifoksi kaɗai ake gyara shi, rezin ɗin foliyesta yana narkar da sosonsa. Kowanne ka saya, kada ka bar shi a cikin mota a rufe da rana, zafi yana ɓamɓare fatarsa.

In wurin masassaƙi za ka, ka tafi da tsohon allonka, da bidiyon nan, da takardar da ka rubuta a mataki na 1. Ka faɗi nauyinka na gaskiya da sau nawa kake shiga ruwa a wata, kada ka ƙara wa kanka matsayi, domin da abin da ka faɗa zai yanka soson. Ka gaya masa abin da kake ji a ƙarƙashin ƙafarka, misali "idan na danna a kwanar ƙasa baki yana turo ni, kuma allon yana mutuwa idan na koma wajen kumfa", ka bar masa lissafin inci. Idan ya gama, ka roƙe shi ya rubuta maka gantsarar hanci da ta wutsiya da faɗin wutsiya a inci 12, ka ajiye tare da sauran awon, don ranar da za ka dawo neman na gaba ku san daga inda za ku tashi.